Abin da Ya Sa Ba Na Kaɗa Taken Alhaji Dogo

Tun ranar da na ce wa Sani ɗan Alhaji Dogo ba zan kaɗa taken ubansa a bikinsa ba, unguwarmu ta Sabo a nan Badun ta sa ni a baki. Wai girman kai. Wai ƙari nake nema. Wai tsufa ya fara taɓa ni, alhali ban kai hamsin da biyar ba. Har wani abokin angon ya tare ni a Mokola, rediyo a kafaɗa, yana cewa, "Baba Isiyaku, wetin be take sef? Ba kiɗa ba ne kawai? Buga mana sau ɗaya mu ɗauka a kaset, shi ke nan ka huta."

Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya a bakin masallaci, shi ya sa na sayi littafin rubutu. Bokona na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Ku dai da aka haifa a Badun, kuna jin Yarbanci kuna jin Turanci, kuna ganin kalangu ice ne da fata da kowane sakarai zai rataya ya daka, ku karanta har ƙarshe kafin ku sake tare ni a hanya.

A ƙasa na zo garin nan, bayan shanu, ina da shekara goma sha bakwai. Da aka sayar da shanun ban koma ba, na maƙale wa Baba Jatau, wanda shi ne babban makaɗin kalangu na Sabo a lokacin. Shekara biyu ban taɓa gula ba, wato sandar da ake kaɗa kalangu da ita. Aikina jiƙa fata, kankare gashi, da murza tsarkiya. Tsarkiya ita ce igiyoyin fatar nan da suka haɗa bakin kalangu biyu, waɗanda kake matsewa a hammata murya ta hau, ka saki ta sauka. Duk maganar kalangu a nan take. Zan yini ina murzawa a cinya har gashin cinyata ya ƙare, Baba ya zo ya ja guda ɗaya, ya saurara, ya ce, "Wannan ka ɗaure akuya da ita." Ya watsar. In sake.

Icen alilliba muke so, Yarbawa na ce masa omo, a wajen masassaƙansu muke saye. Fata ta ɗan akuya, wanda bai yi ƙwari ba. Kuma garin nan ba Kano ba ne. Da damina iska kanta jiƙe take, ka ɗaure kalangu da safe yana magana kamar mutum, kafin azahar ya koma kamar mai mura. Sai ka kai shi bakin wutar masu tsire ka gasa, kana juyawa kana taɓawa da yatsa. Ka matsa kusa ya fashe, ka ja baya ya ƙi tashi. Wannan kaɗai sai da na ƙona fata huɗu kafin na iya, kuma kowace fata na sha mari a kanta.

Mu biyu ne a hannun Baba, ni da Barau. Barau ya girme ni da shekara shida, ya riga ni da biyar, kuma ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ban taɓa musun wannan ba, ba kuma zan fara yau ba. Shi ke riƙe uwa, babban kalangun da ke magana. Ni ina riƙe ɗan karɓi, ƙaramin da ke amsa masa. Yana da wani ɗan jinkiri a bugu na uku, kamar mai ɗingishi, wanda ko a cikin makaɗa ashirin za ka ce ga Barau can. Kunnen Jaki yake kirana. Ni kuma Yaya.

Masu ba mu abinci mahauta ne, da fataken shanu, da masu goro, da 'yan dambe, sai biki da suna. Kowane babban mutum a cikinsu yana da takensa. Ga abin da ba ku sani ba: take ba waƙa ba ce. Kira ne. Sunan mutum ne da aka sa a bakin fata. Ko yana bayan gida ya ji, sai ya san da shi ake. Saboda haka yana da doka, kuma Baba bai koya mana take ko ɗaya ba sai da ya dasa mana dokar a ka.

Ta farko, ba a kaɗa taken mutum a bayan idonsa. Ta biyu, in ka ɗauko take ba ka saukewa sai mai shi ya sallame ka, ko da hannu ko da baki. Ta uku, in mai take ya mutu, ana binne taken.

Binnewar farko da na gani ta wani mahauci ce, Ɗan Tani. Bayan sadakar bakwai muka je ƙofar gidansa da hantsi. Ƙanensa ya fito ya tsaya ya ce, "Allah ya jiƙan Ɗan Tani." Sai an faɗi wannan, kuma daga bakin ɗan gida, don makaɗi ba ya binne taken mai rai, daidai yake da yi masa fatan mutuwa. Baba ya kaɗa taken sau uku, kowanne ya fi na baya sanyi, muna amsawa. Sannan ya zaro wuƙa ya bi tsarkiyar kalangunsa ya yanke kaf, fata ta saki. Ya miƙa wa Barau wuƙar, Barau ya miƙo mini. Duk kalangun da ya yi magana a wajen sai an yanke shi. Na tsaya ina kallon tsarkiyar da na yi kwana tara ina murzawa. Baba ya ce, "Kana jiran ta roƙe ka ne? Yanke!" Na yanke. A hanya ya ce mini, "Bakin da ya kira matacce ba a barinsa a buɗe." Iyakar bayanin da ya taɓa yi mini ke nan.

Alhaji Dogo shi ne babban ubangidanmu. Mai saukar fataken shanu ne, gidansa a Sabo ba ya rabuwa da baƙi. Takensa yana cewa, "Baƙi sun sauka, mai gida fito." Maganar kowa ya san ta, har yau tsofaffi na faɗa. Yadda ake sa ta a fata ne ba kowa ya sani ba. Kuma yana da yadda yake amsawa. In muka ɗauko daga ƙofa, sai ya buga sandarsa a ƙasa sau uku daga ciki. Sannan ya taho a hankali, don mutum ne mai jiki, ya sa wa Barau goro a aljihu, ya ce, "A huta." Kalma biyu. Sai mu sauke.

Shi ne ya sayi wani gidan bene a bayan Akinyele, a tsakiyar gonar koko da goro, daga hannun magadan wani Bayarabe. Mutanen Sabo suka yi ta dariya, wai Bahaushe da gidan daji. Shi kuwa can yake kai manyan baƙinsa su huta. Mun yi wasa a can sau biyar ko shida. Ɗakinsa a sama yake, matakalar katako ce mai hawa goma sha huɗu, tana sauka a bayan ƙofar baranda. Na san adadin don ina ƙirga takunsa in san lokacin da zan shirya saukewa.

Baba Jatau ya rasu ana saura 'yan watanni ƙasa ta rikice. Ya bar wa Barau kalangunsa, da tsarkiyar ƙarshe da ya murza da hannunsa. Ban taɓa ganin murza irin wannan ba, sumul kamar gashin doki. Barau ya ajiye shi don manyan wurare kawai. In binne take ne sai ya ɗauki wani.

Sai muguwar shekara ta zo. Ku da kuka karanta ta a makaranta ba ku san komai ba. Aka fara kashe-kashe, labari na zuwa ta jirgin ƙasa, yau a ce can, gobe a ce nan. Rabin Sabo ya ɗaure kaya ya yi Arewa. Waɗanda suka rage ba mai son a ji motsinsa, balle ya tara mutane da kiɗa. Biki ya koma fatiha da goro. Suna ya koma raɗa a kunnen jariri. Shanu suka ragu, mahauta suka daina kiranmu. Wasu malamai kuma suka samu abin faɗa, wai kiɗanmu ne ya jawo fushin Allah, kamar mu muka ɗauki bindiga. Mutumin da na yi wa kiɗa a bikin 'ya'yansa uku ya gan ni ya tsallaka kwata don kada mu gaisa. Ni da na kwana murza tsarkiya na koma dakon doya. Barau, mai wannan hannun, yana wanke hanji a mayanka.

A farkon rikicin Alhaji Dogo yana ƙasar Gabas, ya bi wasu shanu da kansa. Bai dawo ba. Ba gawa, ba wasiƙa, ba wanda ya ce na gan shi. Sai takensa ya tsaya a rataye. Ba dama mu kaɗa, ba ya nan. Ba dama mu binne, ba wanda ya ce ya mutu.

Damina ta biyu da ɓatansa, yaƙin basasa na ci, uwargidansa Hajiya Kande ta aiko a kira mu. Ita ce uwar Sani, a lokacin Sani bai iya magana ba. Muka durƙusa a zaure, tana bayan labule.

Ta ce, "Barau, na je wajen malamai uku. Ɗaya ya ce yana raye, ɗaya ya ce ya rasu, ɗaya ya ce in ƙara haƙuri. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Yanzu kuma mai gadin gidan gona ya zo ya ce kullum rana tsaka yana jin tafiya a sama. Ku ne kuka san kiran da bai taɓa ƙin amsawa ba. Ku je ku kira mini shi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba a kaɗa take a bayan idon mai shi."

Ta ce, "Wa ya ce maka ba ya nan? Ko ka ga kabarinsa ne?"

Na dubi Barau. Ta ce ladanmu buhun dawa ne da tunkiya. Matar Barau na da tsohon ciki, gidansu rogo ake ci safe da yamma. A waje na ce masa, "Yaya, Baba zai yarda da wannan?"

Ya ce, "Baba ya ga irin wannan shekarar? Kunnen Jaki, in Alhaji ya gudo ya ɓuya a can saboda wani dalili, zai fito. In ba kowa, mu yi kiɗanmu ga ɓeraye mu ɗauki dawa. Ina asarar?"

Na ce, "In ba kowa, wa zai sallame mu?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya mana."

Ya ɗauko kalangun Baba, wai shi ne muryar da Alhaji ya sani.

Da hantsi muka isa, a motar Alhaji, Hajiya a baya cikin lulluɓi, direbanta wani Bayarabe. Ciyawa ta cinye hanyar gonar. Gidan ya yi kore da gansakuka, tagogin sama duk a rufe, ƙofar matakala da kwaɗo. Mai gadin, Baba Lasisi, tsoho ne mai ido ɗaya, a wata bukka yake kwana can gefe. Da ya ga kalangu ya riƙe baki ya ce, "Malla, ejo, don Allah, kar ku yi. Shi yana tafiya, ni ina shara, ba mai damun wani." Hausarsa ke nan. Ba wanda ya kula shi.

Ya hura mana wuta da ɓawon koko muka gasa fata. Rana fes, ba hadari, kaji na tono a tsakar gida. Ina faɗin wannan don masu cewa duhu ne ya ruɗe mu. Muka tsaya a baranda inda muka saba tsayawa. Barau ya yi bisimilla ya ɗauko. Baƙi sun sauka, mai gida fito. Na amsa. Ya sake. Na amsa. Shekara biyu hannunsa na cikin hanjin shanu, amma wallahi kamar jiya ya ajiye.

A zagaye na bakwai aka buga sanda a sama. Sau uku.

Hajiya ta yi salati ta miƙe. Sai taku. Mai nauyi, a hankali, katako na kuka a ƙarƙashinsa. Na ƙirga kamar yadda na saba. Goma sha biyu, sha uku, sha huɗu. Ya tsaya a bayan ƙofar, tsakaninmu da shi bai fi taku biyu ba. Barau ya gyara tsayuwa ya turo aljihunsa gaba, yadda yake yi in goro na zuwa. Muka jira "a huta."

Shiru. Sai aka sake buga sanda sau uku, can sama. Taku ya sake farowa daga hawa na ɗaya.

Hajiya ta ce, "Lasisi, buɗe! Buɗe masa, a kulle yake!" Tsohon ya buɗe kwaɗon, ya ja da baya. Ga matakala a fili, haske na shiga har sama. Kashin jemage ya rufe kowane hawa, ba sawun ko ƙadangare. Kuma takun na saukowa a kanta. Ina ganin katakon, ina jin yana kuka, ba kowa a kai. Ya kai sha huɗu ya tsaya. Sanda a sama. Ya sake.

Na ce, "Yaya, mu sauke."

Ya ce, "Ba a sallame mu ba."

Na ce, "Hajiya, sallame mu!"

Ta ce, "Ku huta, ku huta." Barau ya girgiza kai bai daina ba. Da gaskiyarsa. Taken ba nata ba ne, kuma mai shi ya amsa. Abin da bai yi tunaninsa ba ke nan tun farko.

Ni na sauke. Ɗan karɓi amsawa kawai yake, ba shi ya yi kira ba, hannuna ya tsaya lafiya. Na ce ko in ya ji ba mai amsa masa zai bari. Bai bari ba. Rana ta take tsaka, ta karkata. Lokacin azahar ya yi, na ce, "Yaya, salla." Barau da ko a tsakiyar dambe yake yana jin kiran salla zai nemi a sallame shi. Ya juyo ya dube ni, gumi har cikin ido, ya ce a hankali don kada Hajiya ta ji, "Isiyaku, ba ni nake yi ba."

Tunda nake da shi bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Na kama hannun da hannu biyu. Ni da nake ɗaukar buhun doya, hannun nan ya yi ta ɗaga ni yana saukewa kamar ba na wurin. Gula ta cinye fatar yatsunsa, jini na bin gwiwar hannu yana ɗiga a siminti. Hammatarsa ta hagu, inda yake matse tsarkiya, ta saɓule. Na ga in aka kai magariba a haka, ko ya rayu, ba shi ba hannu. Makaɗi kuwa in ba hannu, me ya rage?

Hanya ɗaya na sani. Na je gaban Hajiya, ban durƙusa ba, na ce, "Ki ce Allah ya jiƙansa, in binne taken."

Ta ce, "Ba ka ji yana saukowa ba? Ku ƙara kaɗan, zai ƙaraso."

Na ce, "Sau nawa ya sauko tun safe? Mai rai yana sauka sau ɗari bai iso ba?"

Ta ce, "Kai wane ne da za ka sa in kashe mijina da bakina? Maroƙi!"

Na ce, "Maroƙin da kika aika a kira. Dubi hannun mutumin nan! Matarsa na kan gwiwa yau ko gobe. Naki ya tafi, sai kin haɗa da na wata?"

Ban taɓa yi wa matar ubangida magana haka ba, kafin nan ko bayan nan. Ta juya mini baya. Ta je bakin ƙofar ta tsaya daidai inda takun ke ƙarewa, ta ce, "Alhaji, ni ce Kande. In kai ne ka yi magana. Ko tari ka yi." Takun ya sauko har gabanta ya tsaya. Ta miƙa hannu, ta shafa iska. Sanda ta bugu a sama.

Sau uku ta bari ya sauko a kanta. Ina tsaye da wuƙa, ina jin gula na cin naman Barau. Inuwar gidan ta kai bakin rijiya, la'asar ta yi. Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce, "Allah ya jiƙan Alhaji Dogo."

Na rataya ɗan karɓina na shiga kiɗan. Na ja shi baya, na sanyaya, na tilasta, kamar mai jan bijimi da igiya. Hannun Barau ya biyo ni. Sau ɗaya. Sau biyu, ya fi sanyi. Takun yana hawa na tara muka gama na uku. Ya tsaya a nan. Na bi tsarkiyata na yanke kaf. Gula ta faɗi daga hannun Barau, shi ma ya zube.

Na juya kan kalangun Baba da wuƙa. Barau ya kwanta a kansa ya rungume da hannun hagu. Ya ce, "Kada ka taɓa."

Na ce, "Yaya, doka ce."

Ya ce, "Murzar Baba ce ta ƙarshe. In ka yanke, wa zai sake? Kai? Ba ka ji ya yi shiru ba? An gama."

Na saurara. Ba taku, ba sanda, sai kaji. Na dubi tsarkiyar nan. Na san yatsun da suka murza ta, na san marin da na sha ban kai rabinta ba. Wanda bai taɓa murza tsarkiya ba da tuni ya yanke ya wuce. Ni na mayar da wuƙa kube. Na ce a raina gobe in ya huce na lallashe shi mu yanke tare.

Direba ya ce ko za a kore shi daga aiki wannan gangar ba ta shiga motarsa. Ga shingen sojoji a hanya, dole mu wuce da sauran rana. Ga Barau ba ya iya tsayuwa. Na rataye kalangun a ƙusa a baranda, na ce wa Baba Lasisi da sassafe ina nan.

Da sassafe na je, da wuƙata. Ƙusa na nan, kalangu babu. Na shaƙe tsohon nan har idonsa ɗaya ya fito, ya rantse da Alƙur'ani, ya rantse da abin da kakanninsa ke rantsuwa da shi, cewa ko barandar bai taka ba, a ƙauye ya kwana. Kwaɗon ƙofa a kulle, da hannunsa ya mayar a gabanmu jiya. Na zauna a bakin rijiya ina tunanin wane ɓarawo ne zai shigo dajin nan don ice da fata.

Rana na kaiwa tsaka na ji shi. Daga sama, a hankali. Baƙi sun sauka, mai gida fito. Da ɗan jinkirin nan a bugu na uku.

Na karɓi mabuɗi na hau. Ɗaki huɗu ne. In ina wannan, sai in ji shi a wancan. Na ɗaga gado, na fasa akwati, na leƙa rufi, jemagu suka watso mini a fuska. Har la'asar ina zagaye da wuƙa kamar mahaukaci, sannan ya yi shiru. Da na dawo Sabo matar Barau ta tare ni a ƙofa ta ce, "Isiyaku, zo ka ga hannun yayanka. Tun rana tsaka yake bugun tabarma, yanzun nan ya tsaya."

Haka ya zauna shekara goma sha ɗaya. Kullum, daga rana tsaka zuwa la'asar, hannun dama na bugu, a cinya, a bango, a kan tabarmar salla. Sauran lokaci yana karkarwa, ba ya riƙe gula, ba ya riƙe cokali. Mun yanke duk sauran kalangunsa, a banza. Ya sha rubutu har cikinsa ya ƙi abinci. Asibiti suka ce jijiya ce. Na koma gidan nan ya fi sau ashirin, har aka sayar da gonar aka rushe shi ina tsaye, na tona tarkacen da hannuna, ko guntun tsarkiya ban gani ba. Hannun bai fasa ba. Mutumin da manyan Sabo ke rububin ya kaɗa musu ya ƙare yana gadin shago a Mokola, yara na kwaikwayon hannunsa suna dariya. Iyayen wasunku ne. Na san su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta yi takabarta, ta aiko da dawa da tunkiya, da ita aka yi sunan 'yar Barau. Alhaji kuwa har yau ba wanda ya zo da labarin inda ya kwanta. Barau bai taɓa cewa laifina ne ba. Ba sai ya faɗa ba. Wuƙa a hannuna take, kuma ni aka ce wa, kana jiran ta roƙe ka ne.

Ranar da Barau ya rasu ni na yi masa wanka. Da rana tsaka ne, ban zaɓa ba, haka ta kama. Na riƙe hannun dama ina zuba ruwa, ina jira. Bai motsa ba. Na daɗe riƙe da shi har liman ya ce, "Malam Isiyaku, mutane na jira."

To Sani, kai da abokanka, ga amsarku. An binne taken ubanka a ɗan karɓina, amma a kalangun Baba Jatau a buɗe yake, kuma ban san inda kalangun yake ba, ban san hannun wa yake jira ba. Kuna so in sa shi a kaset, a juya a shagon aski, a juya a motar haya, a juya a kasuwar Bodija tsakanin masu albasa, duk wanda ya ga dama ya danna ya ce mai gida fito. In ya fito, wa zai ce a huta? Kai da ba ka san muryarsa ba?

Zan zo bikinka. Zan yi maka naka taken, sabo, wanda ba a taɓa kiran kowa da shi ba, ba na son ko goro. Amma na ubanka, mutum uku ne suka san yadda ake sa shi a fata. Biyu na ƙasa. Ku daina tare ni a hanya.